Bangon Bayan Murhu: Rahoton Aikin Kicin

8 ga Janairu

Kafinta ya gama kafa kabet na sama da na ƙasa, an ɗora dutsen kanta, an haɗa famfo. Abin da ya rage a kicin ɗin shi ne zirin bangon da ke tsakanin kanta da kabet ɗin sama, wanda har yanzu filasta ce tsurarta. Babu bangon da ya kai shi shan wuya a gidan nan: mai zai fantsamar masa, tururi zai dake shi, ruwan wanke-wanke zai riƙa tsartuwa a kansa safe da yamma. Shi ya sa ban yarda in bar wa mai tayil ya ɗauko duk abin da ya samu ba. Zan bi abin a hankali, in riƙa rubuta inda aka kwana.

Na ɗauki tef na auna. Dogon bangon mita 3.6 ne, gajeren da ya sha kwana zuwa wurin firji mita 1.2, jimla 4.8. Daga fuskar kanta zuwa gindin kabet santimita 52. A bayan murhu babu kabet, na'urar zuƙe hayaƙi ce za ta zauna a santimita 75 sama da murhun, don haka a nan bangon ya ƙara tsawo a faɗin santimita 90. Duka-duka murabba'in mita 2.7 ke nan. Wurin ba shi da yawa, amma a kansa ido ke fara sauka in an shigo.

Akwai abubuwan da suka riga suka zauna, dole sabon ya bi su. Kantar dutsen giranit ce, ruwan toka mai duhu da ɗigo-ɗigon fari da baƙi. Kabet ɗin ƙasa launin katako ne mai haske, na sama farare, amma farin da ya ɗan karkata zuwa ruwan madara. Taga ɗaya ce, tana kallon gabas. A jikin bangon akwai soket uku da makunni ɗaya.

11 ga Janairu

Na fara da cire waɗanda ba za su yi ba. Fenti, ko da mai sheƙi ne da ake iya wankewa, zai iya wucewa a gefen da ba a girki, amma a bayan murhu gogewar yau da gobe tana cinye shi, maiƙo kuma yana kama shi. Ledar nan mai gam a baya, wadda ake zana mata hoton tayil a manna, roba ce, kuma masu yin ta da kansu kan ja kunne kada a sa ta dab da harshen wuta. Ta dace da wanda ke gidan haya yana son ya rufe tsohon bango na ɗan lokaci. Ni murhun gas gare ni, ba ta cikin lissafina.

Ƙarfe marar tsatsa ya ɗan tsayar da ni. Shi ake sa wa a kicin ɗin otal-otal, kuma da dalili: ba ya tsoron wuta, ba shi da gaɓar da datti zai maƙale. Nau'in da aka fi amfani da shi, mai lamba 304, yana da kuromiyam kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, kuma kuromiyam ɗin ne ke yi masa wata siririyar fata da ke hana tsatsa. Sai dai duk yatsan da ya taɓa shi sai ya bar shaida, ɗigon ruwa ma haka, in kuma ya karce to ya karce ke nan. Ga shi kantata ruwan toka ce; in na ƙara mata ƙarfe a sama ɗakin zai yi sanyi a ido. Na ajiye shi.

Saura uku: tayil, dutse, gilashi.

15 ga Janairu

Na tattaro samfura. Duk inda na je cikakken tayil nake nema, domin ɗan guntun da ake mannawa a kati ba ya nuna komai. Na jera su a kan kanta: siramik mai sheƙi, siramik marar sheƙi, fosilin, wani mai fuska kamar ta tsattsage da gangan, guntun mabul fari mai jijiyoyin toka, da wasu 'yan ƙanana na hannu irin waɗanda ake yi a birnin Fas na Maroko, da ake kira zalij.

Masu sayarwa duk fosilin suke tura ni, wai ya fi ƙarfi. Gaskiya ne ya fi. Ana gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,200 ko fiye, kuma a ƙa'ida ba a kiran tayil fosilin sai in ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari na nauyinsa ba, alhali siramik ɗin bango kan sha fiye da kashi 10. Na kifa su duka biyu na ɗiga ruwa a bayansu. Siramik ya shanye nasa ina kallo, ya bar tabo mai duhu kamar faɗin babban yatsa. Na fosilin yana nan zaune, dunƙulalle, har na gaji na share shi.

To amma wa zai taka bango? Abin da mai da ruwa za su tarar shi ne fuskar tayil ɗin, wato rufin gilashin da aka gasa a kansa, kuma a nan siramik mai kyau bai gaza fosilin da komai ba. Ya ma fi shi rashin nauyi, ya fi sauƙin yankewa a kewayen soket. Ƙarfin fosilin a ƙasa yake da amfani, inda ake tafiya ana jan kujera.

16 ga Janairu

Da daddare na ɗiga wa kowane samfur abu uku: man girki, baƙin shayi mai kauri, da ruwan lemon tsami. Na bar su su kwana.

17 ga Janairu

Gani ya kori ji. Na zo da soso da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, na ba kowanne shafa iri ɗaya.

Siramik mai sheƙi ya fita tas da shafar farko. Fosilin mai santsi ma haka. Marar sheƙin nan mai ɗan kaushi, wanda na fi ƙauna a shago saboda ba ya ɗaukar ido, sai da na dirje shi kafin man ya saki, kuma in na karkata shi ga haske ina ganin inuwar wurin. Mai tsattsagaggiyar fuska ya ja shayin cikin tsagoginsa, sun koma launin ƙasa, babu abin da ya fitar da su. Zalij ɗin fuskarsa ta wanku, amma gefunansa ba su daidaita ba, wani ya fi wani kauri, kuma na hango yadda maiƙo zai riƙa kwanciya a kan kowane ɗan tudu. Kyawunsa ba ya musantuwa, kowane ɗaya da irin hasken da yake mayarwa. Da bangon falo ne da ban yi shawara da kowa ba.

Mabul ne ya fi ba ni tausayi. Inda lemon ya zauna sheƙin ya mutu, ya bar wani da'ira fari-fari wanda wanki ba ya gyarawa, domin ba datti ba ne, dutsen ne kansa ya ci. Mabul kalsiyam kabonet ne, duk wani abu mai tsami yana narkar da fuskarsa. Maganin toshe ƙofofin dutse da ake shafa masa yana rage shan mai, amma ba ya hana tsami ci. Wanda ya sa mabul a bayan murhu sai ya yarda tun farko cewa zai tsufa da tabbai, akwai kuma masu son haka. Ni na san raina, duk ranar da na ga tabon sai ya dame ni.

22 ga Janairu

Yayata ta leƙo, ta tarar da samfuran a jere. Ta ce, "Ke ƙanwata, me ya kai ki wannan wahalar? Ki sa a yanko miki irin dutsen kantar nan a ɗora shi a bango, magana ta ƙare."

Na ce, "Yaya, na yi wannan tunanin. Dubi duhunsa fa."

Shawarar tata ba ta banza ba ce. Giranit ba ya jin tsami kamar mabul, ba ya jin zafi, kuma falle guda ne ba gaɓa. Na jingina ragowar guntun da masu kanta suka bari a jikin bango, na ja da baya. Da safe ya yi kyau. Bayan azahar, da rana ta bar tagar, sai ƙarƙashin kabet ɗin ya zama rami baƙi. Ɗigo-ɗigon da ke da daɗin kallo a kwance kuma, da suka miƙe tsaye a gaban ido, suka yi yawa.

Ta kuma ambaci dutsen haɗi, wanda ake yi da niƙaƙƙen kwaz kusan kashi 90 cikin ɗari, a haɗe shi da wani gam na roba. Yana zuwa da launuka masu haske, ba ya shan ruwa. Amma gam ɗin nan ba ya jure zafi, yana iya ƙonewa ya canza launi in harshen wutar gas na baya yana kusa da shi. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a wurina. Ƙurar da ke tashi wajen yanka shi tana jawo ciwon huhu da ake kira silikosis, wanda ba ya warkewa, har ƙasar Ostireliya ta haramta shi daga ranar 1 ga Yuli, 2024 saboda ma'aikatan da suka kamu. Tayil da giranit ma suna da silika a jikinsu, sinadarin da ke jawo wannan ciwon. Na ƙudurta cewa ko me na zaɓa, da ruwa za a yanka shi, a waje, mai yankan kuma da abin rufe hanci na ƙwarai.

27 ga Janairu

Yau na gane inda maganar take. Duk tayil ɗin da ya ci jarrabawa a makon jiya fuskarsa ce ta ci. Ban gwada layukan da ke tsakanin tayil da tayil ba, alhali su ne ke baƙi a kowane tsohon kicin da na taɓa shiga. Tayil ɗin yana nan fes bayan shekaru, layin ne ke tona asirin bango. Simintin da ake cike tsakanin da shi yana da ƙananan ƙofofi, yana shan mai da ruwa, kuma ya ɗan lotsa ciki, soso yana wucewa ta kansa bai taɓa shi ba.

Sai na zauna da biro na lissafa tsawon layin da kowane girman tayil zai ba ni. Lissafin ba wuya: a raba ɗaya da faɗin tayil a mita, a raba ɗaya da tsawonsa, a haɗa, an sami mitocin layi a kowane murabba'in mita.

Tayil ɗin nan mai santimita 7.5 da 15, wanda ya cika hotunan kicin a intanet, shi na fara da shi. Asalinsa tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York ne, da aka buɗe a 1904, inda masu zanen gini Heins da LaFarge suka rufe bangaye da farin tayil mai sheƙi mai inci 3 da 6, domin ya wanku da sauƙi ya kuma mayar da haske a wurin da rana ba ta shiga. Dalilan nasu su ne nawa. Amma yana ba da mita 20 na layi a kowane murabba'in mita, wato mita 54 a ɗan bangon nan nawa. 'Yan mitsi-mitsin nan masu santimita 2.5 da ke zuwa manne a raga kuwa sun haura mita 200. Na yi tunanin buroshi a hannuna ina bin mita 200, na mayar da samfurin cikin jaka.

Mai 10 da 30 ya ba ni mita 36. Mai 30 da 60 ya sauko zuwa 13.5. In layi kaɗai zan duba, babba ne ya yi nasara. Sai dai tsayin bangona 52 ne: babban zai zama guda ɗaya cikakke da wani yankakke a samansa, kuma huda soket uku a tsakiyar manyan tayil aiki ne mai yawan fasa kaya. Mai 10 da 30 kuwa jeri biyar ne cif: santimita 50 na tayil, sauran biyun su tafi a tazarar tsakani da ta ƙasa da ta sama, ba sai an yanki ko ɗaya a tsawo ba. Wannan dacewar ta ja ni ƙwarai.

30 ga Janairu

Kafin in rufe babin, na kira mai gilashi, tunda shi ne ba shi da layi ko ɗaya. Falle ne mai kaurin milimita 6, a yi masa fenti ta baya, a manna. Ya yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye. Na bayan murhu dole ya zama gasasshe, wanda ya ninka gilashin taga ƙarfi kusan sau huɗu, in ya fashe kuma ya ruguje ƙanana-ƙanana. Bayan an gasa shi ba a ƙara yanka shi ko huda shi, saboda haka ramukan soket sai an yanke su tun farko, in awo ya kuskure da 'yan milimitoci sai dai a sake sabon falle. Ya kuma nuna mini gefen gilashi na yau da kullum, kore shar, saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. In aka yi masa farin fenti a baya sai ya fito da ɗan kore, sai dai a nemi mai ƙarancin ƙarfe.

Wajen wanki babu kamarsa. Abin da ya hana ni shi ne gaba: duk ranar da aka so ƙara soket ko matsar da wani, ko tukunya ta bugi gefensa, fallen gaba ɗaya ne zai tafi. Tayil kuwa guda ake cirewa a mayar da guda. Na tsaya a kan siramik mai 10 da 30.

3 ga Fabrairu

Launi. Na dawo da girman da na zaɓa a launi biyar: fari fat, ruwan madara, ruwan toka mai haske, shuɗi mai duhu, da wani kore-kore mai haske da ya sha toka.

Abu na farko, na daina kallonsu a kwance. A tsaye za su zauna, a ƙarƙashin inuwar kabet, don haka na jingina su a bango, biyu-biyu, gindinsu a kan dutsen, kansu kusa da ƙofar kabet. Zaɓen launin tayil kamar zaɓen yadi ne: abin da aka gani a ƙarƙashin fitilar shago ba shi ake gani ba in an fito da shi rana.

Abu na biyu, na sa mai wuta ya fara kafa fitilun ƙarƙashin kabet, domin su za su haska bangon nan rabin rayuwarsa. Ya zo da iri biyu. Mai 2700K haskenta ja-ja ne irin na tsohon ƙwan fitila, mai 4000K ta fi kusa da fari. Na kuma nemi wadda aka rubuta wa CRI 90 ko sama a kwalinta, domin wannan lambar ce ke nuna yadda fitila ke fito da launi a kan gaskiyarsa. Na ɗauki mai 4000K. Na ce ya manna ta a bakin kabet ta gaba, kada ya matsar da ita jikin bango, domin hasken da ke gangarowa dab da bango yana fito da duk wani tayil da ya ɗan fi ɗan'uwansa tudu, yana ja masa inuwa.

Fari fat, wanda maigida ke so, ya ba mu mamaki. Shi kansa ya yi kyau, amma da ya tsaya kusa da kabet ɗin sama sai ya mayar da su kamar sun shekara goma suna shan hayaƙi. Fari biyu da ba su zo ɗaya ba ba sa zama lafiya kusa da juna, ɗaya sai ya kunyata ɗaya. Ruwan madara ya shirya da kabet, amma a kan tokar giranit ya koma rawaya-rawaya. Ruwan toka ya ɓace a cikin kantar, ba a san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Shuɗin da safe abin kallo ne, sai dai na yayyafa masa ruwan famfo na bar shi ya bushe, kowane ɗigo ya bar farin zobe. Bayan sinki wannan aikin kullum ne.

5 ga Fabrairu

Na bar koren da farin a tsaye, muna wucewa muna kallo, da hantsi, da la'asar, da dare. Koren yana canzawa kaɗan, da safe ya fi kore, da dare ya fi toka, amma babu lokacin da ya yi faɗa da katako ko dutse ko farin kabet. Tokar da ke cikinsa ce ke haɗa shi da kantar. Yau maigida ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, ya ce, "Wannan ɗin ya fi kwantar da ido." Fuskar tasa mai matsakaicin sheƙi ce, santsi sumul a hannu amma ba ta mayar da ƙwayoyin fitila kamar madubi. Na maimaita masa gwajin mai da shayi da lemon, ya fita tas.

9 ga Fabrairu

Mai tayil ya zo duba wuri. Dattijo ne marar gaggawa. Kafin ya kalli tayil ɗin ma sai da ya ɗora filam, ma'aunin daidaito na magina, a kan kanta, ya ce ta yi daidai, sannan ya kwantar da doguwar sandar alminiyum a jikin bango. Kusa da sinki filastar ta lotsa, na ga haske yana wucewa ta bayan sandar, ya auna ya ce milimita 6.

"Hajiya, wannan sai an cike shi ya bushe tukuna. In na ce zan gyara da gam, wani wuri zai yi kauri wani ya yi siriri, in ya bushe sai tayil ya bi shi."

Sannan ya ɗauki tayil biyu ya haɗa su fuska da fuska, ya matsa gefe ɗaya da yatsa. Ɗaya gefen ya ɗan ɗaga. Ya ce dogon tayil yakan fito daga wuta da ɗan doro a tsakiya, don haka in aka jera shi irin jerin bulo, rabi a kan rabi, doron wannan zai haɗu da ƙarshen wancan, a ga tudu. Ya ba da shawarar a goce da kashi ɗaya cikin uku, wato santimita 10. Na so jeri miƙaƙƙe, layi ya bi layi daga sama har ƙasa, ya ce zai iya, amma irinsa ba ya yafe ko milimita ɗaya na bambancin girma. Na bi tasa.

12 ga Fabrairu

Na roƙe shi ya manna mini 'yan tayil a kan guntun katako, ya cike tsakaninsu da abu daban-daban: farin siminti, simintin cike ruwan toka, da ifoksi ruwan toka. Da suka bushe na ɗiga musu mai da shayi suka kwana. Farin ya koma launin ƙasa. Simintin toka ya yi duhu a inda man ya zauna, bai koma ba. Ifoksin na share shi da tsumma, kamar ba a yi ba, domin shi roba ce mai daskarewa, ba shi da ƙofofin shan ruwa. Siminti ana iya shafa masa maganin toshewa, amma sai an riƙa sabuntawa lokaci-lokaci, kuma na san yadda irin wannan alkawarin ke ƙarewa a gida mai hidima.

Launin layin ma ya canza kamannin bangon fiye da yadda na zata. Farin layi ya zana kowane tayil daban, ido na ƙirga su. Tokar da ta yi kusa da launin tayil ɗin ta haɗe su suka zama shimfiɗa ɗaya.

Malam bai yi murna da ifoksin ba. "Hajiya, wannan abin ba ya jira. Da an kwaɓa shi galibi ba ya kai awa guda, in ana zafi ma bai kai haka ba. In ya daskare a fuskar tayil, fitar da shi sai an sha wuya."

Na ce, "Malam, mu kwaɓa kaɗan-kaɗan. Kai kana cikewa, ni ina binka da soso." Ya yi shiru, sannan ya ce to, amma da sosai biyu da bokiti biyu.

15 ga Fabrairu

An sayo kaya. Bangon zai ci tayil 90, na ɗauki 100, domin ƙa'ida ce a ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa. A gefen kowane kwali akwai lambar gashi da ta launi. Tayil iri ɗaya, suna ɗaya, in ba a wuta ɗaya aka gasa su ba sukan ɗan bambanta. Na duba kwalayen ɗaya bayan ɗaya, na sami guda mai wata lamba daban, aka canza mini shi nan take. Sai gam ɗin tayil, robobin tazara masu milimita 2, ifoksi, silikon (roba mai laushi ta toshe gaɓa), da ƙarfen rufe gefe na inda tayil zai ƙare kusa da firji.

19 ga Fabrairu

An cike lotsawar bango. Ana jira ya bushe.

24 ga Fabrairu

An fara mannawa. Mun kashe wutar kicin daga babban makunni, aka kwance fuskokin soket, aka shimfiɗa kwali a kan dutsen kanta. Malam ya ja layi a tsaye daga tsakiyar murhu, daga nan ya fara zuwa hagu da dama, domin nan ne ido ke zuwa, yankakku kuma su faɗa a kwana da ƙarshen bango. Ya fara jera su a ƙasa ba gam, ya tabbatar babu siririn yanki da zai faɗo a kwanar. Yana ɗauko tayil daga kwalaye daban-daban yana gauraya su, ko da akwai ɗan bambancin launi kada ya taru wuri ɗaya.

Na tsaya ina kallon hannunsa. Yana shafa gam da cokali mai haƙora, layukan duk suna kallon gefe ɗaya, ya ɗora tayil ya ɗan murza shi ya danne. Can ya ɓamɓaro wanda ya manna yanzu, ya juya bayansa ya nuna mini: gam ya kama ko'ina, ba fili. Jerin farko bai zauna a kan dutse ba, ya bar tazarar milimita 3 a ƙasa. Yankan duk a waje aka yi, da injin mai ruwa.

26 ga Fabrairu

An ba gam ɗin fiye da awa 24, yau aka cike layuka. Aikin ya tafi yadda muka tsara, yanki-yanki, kowane yanki kamar tsawon hannu. Shi yana tura ifoksin cikin layi a karkace, ni ina biye da soso na farko ina kwashe na fuska, sannan na biyu da ruwa mai tsabta. Abin da ya fi buƙatar lura shi ne wani ɗan danƙo da ke saura a fuskar tayil wanda ba a gani sai an haska fitila daga gefe. Mun bi shi da tocila kafin ya daskare. Kwanar bango da layin da ke tsakanin tayil da kanta ya bar su fayau, bai sa musu komai ba.

1 ga Maris

Waɗannan wurare biyu silikon aka sa musu. Kanta tana zaune a kan katako, tayil yana manne da bango, kowanne da irin motsinsa, don haka duk abu mai tauri da aka cusa a nan sai ya tsage, ruwa ya sami hanyar bayan kabet. Mun nemi silikon da aka rubuta cewa ya dace da dutse, domin wani irin yakan bar tabon maiƙo a gefen giranit, kuma mai maganin fumfuna saboda bayan sinki. Launinsa ya zo daidai da na layukan.

16 ga Maris

An koma girki sosai. Bayan murhu nakan shafe shi da ruwan ɗumi da sabulu da zarar an sauke tukunya, kuma layukan wurin launinsu ɗaya da na can kusa da firji inda mai ba ya kaiwa. Na haska tocila na gwada su. Bayan sinki ɗigon ruwa ba ya nunawa sai an matso. Da la'asar, lokacin da na fi jin tsoro, ƙarƙashin kabet ɗin yana da haske ko ba a kunna fitila ba.

Tayil bakwai suka rage. Na naɗe su na ajiye tare da gefen kwalin da ke ɗauke da lambar gashi da ta launi. Abu ɗaya ya saura: tayil da gam sun ƙara wa bangon kusan santimita guda, sukurorin soket biyu sun gaza, fuskokinsu ba su kama da kyau ba. Mun daina amfani da su, mai wuta zai zo jibi da dogayen sukurori.